Dodon Bango a Daren Damina: Fina-finan Ban Tsoro da Mutanen Bakin Dajin Rugu



Na tabbata akwai waɗanda, da suka ga kan wannan lacca, suka ce a ransu lalle malamin nan ya rasa abin yi. Mutumin Batsari ko na Safana, wanda ya yi shekara da shekaru bai san barci mai nauyi ba, shi ne za a zaunar a yi wa bayanin fina-finan ban tsoro? Ai kamar a kai wa mai rijiya tallar ruwa ne. Wannan ƙorafi yana da tushe, ba kuwa zan kauce masa ba. Abin da nake so in nuna shi ne, tsoron da mutum ya saya da kuɗinsa ya zauna ya kalla daban yake da tsoron da ya zo ya same shi har gida, kuma na farkon ba ya daɗi sai inda aka sami sauƙin na biyun. Amma kafin mu kai can sai mun bi ta kan yanayi, da ɗan tarihi, da su fina-finan kansu.

Lokacin jin tsoro

Turawa sun saba danganta labarin ban tsoro da lokacin sanyinsu. Dalili kuwa shi ne, a can abubuwa uku suke haɗuwa wuri guda, watau sanyi, da ruwa, da gajartar yini. A birnin Landan, cikin watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mutum ya taso daga aiki cikin duhu, yayyafi yana zuba, ba abin da ya rage masa sai ya kulle ƙofa ya nemi abin ɗebe kewa. Mu a nan an raba mana su. Sanyinmu busasshe ne, hunturu da hazo, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwanmu kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, lokacin marka. Saboda haka lokacin tsoronmu iri biyu ne. Akwai na ɗari, bayan an kai amfanin gona rumbu, sa'ad da yara kan cushe a ɗakin kaka ana tatsuniya. Akwai kuma na damina, wanda ya fi wancan duhu: hadari ya rufe wata da taurari, gero da dawa sun yi tsawo har sun haɗiye hanya, kwaɗi suna kuka, ruwa yana dukan kwano har mutum ba ya jin sallamar maƙwabcinsa. Ku riƙe wannan na biyun, za mu komo kansa.

Ruwan sama yana da hannu a haihuwar wannan fanni tun asali. A 1815 wani dutse mai suna Tambora, a ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya, ya yi aman wuta, tokarsa ta turnuƙe sararin samaniya, har ya zama a 1816 Turai ba ta ga lokacin zafi na kirki ba. Aka yi ta ruwa, amfanin gona ya lalace. Waɗansu marubutan Ingila da suka je shan iska bakin tafkin Janiba, a Suwizalan, ruwa ya tsare su a gida kwana da kwanaki, sai ɗayansu, Lord Byron, ya ce kowa ya ƙago labarin fatalwa. Wata yarinya 'yar shekara 18, wadda duniya ta sani da suna Mary Shelley, ta fara labarin Frankenstein, aka buga shi a 1818. Likitan Byron kuwa, John Polidori, ya fito da nasa labarin na mataccen da ke tashi yana shan jinin mutane a 1819. Ashe ke nan manyan dodannin silimar Turawa guda biyu 'ya'yan marka ne.

Dodo kafin ya hau bango

Da silima ta iso ƙasar Hausa, kakanninmu ba su wahala wajen raɗa mata suna ba. Sun ce da ita majigi, sun kuma ce da ita dodon bango. Gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa aika motar majigi ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi a nuna yadda ake tsabta da noman gyaɗa. A Kano aka buɗe gidan silima na Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, mutum fiye da 300 suka mutu, mutane da yawa kuwa suka ɗauki abin a matsayin hukunci a kan masu zuwa irin wannan wuri. Watau tun kafin Bahaushe ya ga fim ɗin ban tsoro ko ɗaya, ita silimar kanta abar tsoro ce a wurinsa.

Sai dai shi Dodo ya girmi bango. Duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko kuwa littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, zai tarar da shi a ko'ina: a bakin rafi yana tsare ruwa, a ƙungurmin daji yana jiran yarinyar da ta ƙi samarin garinsu ta bi baƙo kyakkyawa. Ga kuma mayu masu kama kurwa, ga fatalwa, ga 'yan ruwa, ga Doguwa a gindin tsamiya. Ba mu kasance matalauta a wannan fanni ba.

Abin lura a nan shi ne shingen da al'ada ta kewaye tatsuniya da shi. Ba a yin ta da rana. Ba baƙo ne ke yin ta ba, kaka ce ko goggo, wadda yaro yake jingine da ƙafarta. Tana da kalmomin buɗewa da kowa ya sani, tana da na rufewa, kuma da an ce ƙurungus Dodo ya koma inda ya fito, sai barci. Yaro yakan ɗanɗana tsoro ne a wurin da ya fi ko'ina aminci a duniyarsa. Fim ɗin ban tsoro wannan aiki ya gada. Kashe fitila shi ne buɗewarsa, sunayen 'yan wasa da ke hawa a ƙarshe su ne ƙurungus ɗinsa.

Masana aikin jiki sun bayyana abin da ke faruwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da suke kira amigdala, shi ne mai gadi. Da ya ji ƙara ko ya ga inuwa sai ya buga ƙararrawa tun mutum bai yi tunani ba, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, tafin hannu ya yi gumi, tsikar jiki ta tashi. Can bayan ƙiftawar ido sai hankali ya iso ya ce wasa ne. Daɗin kallon yana tsakanin waɗannan biyu, ƙararrawar da kuma lallashin. In aka rasa mai cewa wasa ne, abin ya zama azaba tsantsa.

Gwanayen wannan sana'a kuma sun gano abin da kakanninmu mata suka riga su sani, cewa dodon da ba a gani ba ya fi ban tsoro. Mai tatsuniya ba ta tsayawa ƙirga haƙoransa, cewa take yi sai ga Dodo, kowane yaro ya ƙera nasa. A 1974, sa'ad da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, ƙaton kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya riƙa lalacewa a ruwan teku, tilas ya rage nuna shi, ya bar kiɗa da motsin ruwa su yi aikin. Wannan matsala ce ta gyara fim ɗin.

Kowace ƙasa da dodonta

In kana son ka san abin da ke hana wata al'umma barci, dubi dodon da ta sa a bango. Jamusawa sun yi Nosferatu a 1922, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar murar 1918, dodonsu kuwa a jirgin ruwa ya zo, da ɓeraye da annoba a bayansa. Japanawa sun yi Gojira a 1954, shekara tara bayan an jefa musu bam ɗin nukiliya, dodon kuwa gwajin bam ne ya tashe shi daga teku. A nan gida, Living in Bondage ya fito a 1992 cikin harshen Ibo, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya gama gigita ma'aikata, labarin kuwa na mutumin da ya ba da matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Waɗanda suka yi zamanin silimar Indiya za su tuna Nagin na 1976, macijiyar da ke rikiɗa mace tana bin waɗanda suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu da na lura da shi: mai shan jinin Turawa, da baƙar alkyabbarsa da akwatin gawarsa, dariya yake ba ɗalibanmu. Amma a sa musu Dabbe na Turkiyya, wanda aka fara a 2006, ko Siccin na 2014, ko Pengabdi Setan na Indonesiya na 2017, sai ɗaki ya yi tsit. Dalilin a fili yake. Waɗannan labaran aljanu ne da sihiri, daga ƙasashen Musulmi, mai kallo a nan kuwa ya yi imani da samuwar aljanu, saboda haka muryar nan mai cewa wasa ne ba ta fita da ƙarfi. Ni dai a ganina yawancin irin waɗannan ihu ne da jini, labarin ba shi da zurfi, amma ba na musun cewa suna razanarwa.

Akwai guda huɗu da nake so in ɗan tsaya a kansu, domin su ne nake jin suna da abin faɗa wa mutanen yammacin Katsina.

Na fari shi ne Onibaba, na Shindo Kaneto, daga Japan, 1964, baƙi da fari. Zamanin yaƙin basasa ne. An kwashe maza an kai fagen fama, gonaki sun mutu, wata tsohuwa da matar ɗanta suna zaune a bukka cikin wata fadama mai dogayen ciyayi da suka fi mutum tsawo. Abin da suke ci da shi shi ne, in sojan da ya ɓata hanya ya shigo ciyawar sai su kashe shi, su jefa gawar a rami, su kai sulkensa a ba su gero. Da tsohuwar ta ga surukarta za ta bar ta saboda wani namiji, sai ta riƙa sa fuskar aljani tana tare ta da dare. Ran nan ruwa ya dake ta, fuskar ta manne, ta ƙi fita. Babu aljani ko ɗaya a cikin wannan fim. Yunwa ce da yaƙi suka mai da talakawa biyu dodanni, kuma duk wanda ya taɓa ratsa gonar dawa a watan Satumba iska tana kaɗa ta zai gane wannan ciyawa.

Na biyu, Tumbbad, daga Indiya, 2018. Wani ƙauye ne da aka la'anta da ruwan sama wanda ba ya ɗaukewa, saboda mutanensa sun bauta wa Hastar, abin bauta mai haɗamar zinariya da hatsi. Wani mutum ya gano yadda zai sauka rami ya yaudare shi da 'yar tsanar ƙullun gari, ya wawuri zinariya ya gudu. Ya yi ta komawa, har ya koya wa ɗansa. Masu fim ɗin sun yi damina da dama suna ɗauka don su sami ruwa na gaskiya. In ana neman fim ɗin ranar marka, ban san wanda ya fi shi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi kusa da mu, Under the Shadow, watau a ƙarƙashin inuwa, na Babak Anvari, 2016, cikin harshen Farisa. A Tehran ne, ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988. An tura miji, likita, bakin daga, an bar matarsa da 'yarsu a bene. Kullum dare jiniya, kullum gudu zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wani makami ya huda rufin benen bai fashe ba, yarinyar kuwa ta ce aljani ya shigo tare da shi ya ɗauke mata 'yar tsana. Maƙwabta suka riƙa kwashe kaya suna barin gari, gida bayan gida, har ya rage su biyu. Mai kallo ba ya iya rarrabewa ko aljanin ne, ko kuwa rashin barci da fargaba ne suka taɓa uwar. Tambayar da ke cin ta, in tafi ne ko in zauna, ba sai an fassara ta ga matar da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta a ƙauyen da rabin gidajensa suka zama kango ba.

Na huɗu, His House, 2020, na Remi Weekes. Miji da mata sun tsere wa yaƙin Sudan ta Kudu, sun haye teku, an ba su wani tsohon gida a Ingila da sharaɗin kada su bar shi. Sai ga waɗanda suka mutu a hanya suna motsi a cikin bango. Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matar, a Zariya aka haife ta. Ba zan ɓata muku ƙarshensa ba, amma abin da ke bin su shi ne abin da suka aikata don su tsira.

Ga ma'aikatan da ke cikinmu kuma, ga ɗan ƙari: Atlantics na Mati Diop, daga Senegal, 2019. Leburorin da aka hana albashi suka nitse a teku, suka dawo suka hau kan 'yan matan unguwa, suka je gidan mai kamfanin da dare suna neman haƙƙinsu. Duk mai riƙe da takardar biyan wani a teburinsa, ya kalla.

Inda babu ƙurungus

Yanzu mu komo duhun damina. A Hausa kalmar duhu tana nufin rashin haske, tana kuma nufin sarƙaƙƙen daji, a ƙasar Safana ma akwai garin da ake kira Babban Duhu. Dajin Rugu, wanda ya taɓo Batsari da Safana da Ɗanmusa ya miƙa har Zamfara, da can wurin kiwo ne da farauta da itace, irin dajin da mai tatsuniya kan ajiye Dodonta a ciki. A shekarun nan ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Afrilu na wannan shekarar an kashe 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, aka yi watanni ba a jin kowa. An yi zaman sulhu a 2019, an kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, an sake yin waɗansu sulhun a 2025.

Ku auna wannan da abin da muka faɗa a baya. Duk kayan aikin da mai shirya fim yake kashe kuɗi ya haɗa, damina tana kawo su kyauta a Ruma da Wagini da Runka da Zakka: duhu, da shuka mai ɓoye mai tafiya, da ƙarar ruwa mai rufe ƙarar babur, da rafin da ya cika ya hana mai kawo ɗauki hayewa. Amma ba mai cewa wasa ne, ba kuma sunayen da za su hau a ƙarshe a kunna fitila. Mai gadin nan na ƙwaƙwalwa yana tsaye dare da rana, shi ya sa za ka ga wanda aka taɓa kai wa hari yana zabura don faɗuwar kwano ko ƙarar salansa. Asarar ba ta rayuka da shanu kaɗai ba ce. Inda aka daina hira a dandali, aka kashe fitila da wuri, aka ce yara su yi shiru, to, can tatsuniya ma ta yi ƙaura.

Saboda haka ba kowa nake ce wa ya kalli waɗannan fina-finai ba. Wanda ya kwana a daji a hannun mutanen nan, ko ya binne nasa, kada abokai su matsa masa, kada kuma su yi masa dariya in ya tashi ya fita. Yara ƙanana kuwa a bar su da Gizo da Ƙoƙi. Yanzu da fim ya koma cikin waya, ana tura shi a kati a bakin kasuwa, yaro yakan kalli abin da ya fi ƙarfinsa shi kaɗai a ƙarƙashin mayafi, da abin sauraro a kunne, ba kaka, ba ƙafar jingina. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar abin tun daga tushe. A kalla cikin jama'a, a tsorata tare, a yi dariya tare, a tattauna.

Waɗanda nake nufi da su su ne irinku: ɗalibin da ke kwana lafiya a ɗakin makaranta a Katsina ko Dutsin-Ma alhali mahaifiyarsa tana Runka, da ma'aikacin da ya kwaso iyalinsa ya dawo birni ya bar 'yan'uwa a can. Irin waɗannan suna ɗauke da wani nauyi da ba su cika faɗa ba, nauyin wanda ya tsira. Na ga ɗalibai sun fito daga kallon His House sun yi awa guda suna gardama a kan ko mijin yana da laifi, kowa kuwa ya san ba a kan Sudan ta Kudu suke magana ba.

Ina da aiki guda da zan ba ɗaliban Hausa. In kun je hutu, ko kun ziyarci waɗanda suka yi gudun hijira suka zauna a garin Batsari ko a unguwannin Katsina, ku nemi tsofaffi mata, ku nemi izninsu, ku ɗauki tatsuniyoyinsu a waya, ku rubuta sunan ƙauyen da shekarar. Sa'an nan ku roƙi yaran gidan su ma su yi muku tasu. Ku gwada da abin da Edgar ya rubuta shekara fiye da 100 da suka wuce. Ku lura da inda Dodon yaran yake zaune, da abin da yake nema a ba shi kafin ya saki yarinya, da kuma ko har yanzu da ƙafa yake zuwa ko a kan babur.